Motar da Ke Karkarwa a Kan Kwalta

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin masu Hilux da Prado da Land Cruiser, kuma duk sanda na ji ta sai gabana ya faɗi: "Tana ɗan karkarwa in ta kai 100, amma da ka taka ta zuwa 120 sai ta daina." Ana faɗinta hankali kwance, kamar an samo magani. Alhali karkarwar tana nan. Tayar da nauyinta bai daidaita ba tana da wani gudu da bugunta ke haɗuwa da lilon sifirin da shokazoba, galibi tsakanin kilomita 90 zuwa 110 a awa, to a nan ne hannu ke jin ta sosai. In an wuce wurin sai ta lafa a sitiyari, amma dukan da boris da bushin ke sha ƙaruwa yake yi, domin in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin wannan bugun sau huɗu yake ninkawa.

Kafin a kai mota gareji, akwai aikin da babu mai yin sa sai wanda ke tuƙa ta. A miƙaƙƙen titi mai kyau, ka lura a ina kake jin abin. In sitiyari ne ke rawa a hannunka, a fara duba ƙafafun gaba. In kuwa ta kujera ko ta ƙasan ƙafarka yake tasowa, zargi ya koma kan tayoyin baya ko farfela. Sannan ka lura da lokacin da yake zuwa. Karkarwar da ba ta tashi sai an taka birki, faifan birki ne ya daina zama daidai, ko sau goma aka yi wa tayoyi balansin ba za ta tafi ba. Wadda ke ƙaruwa in ka ba da wuta, ta ragu da zarar ka ɗaga ƙafa daga totur, a leƙa gaɓoɓin farfela da na shaf ɗin gaba. Farfelar waɗannan motoci tana da wuraren ɗura giris, kuma sau da yawa sai a yi ta juyen mai shekara da shekaru babu wanda ya shiga ƙarƙashi ya ɗura musu.

Ita kanta tayar tana ba da labari, in an tsaya an duba ta. Ka karya sitiyari gefe guda, ka tsuguna, ka shafa tafin hannunka a kan zanen tayar daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo. In ka ji santsi a tafiya, ka ji kaifi yana kartar ka a dawowa, tayoyin ba sa kallon gaba sosai, jan su ake yi a karkace a kan kwalta, aikin alaimin ne. In gefe ɗaya ne kawai ya cinye, musamman na ciki da ido ba ya kaiwa gare shi, ƙafar ta kwanta, wataƙila boljoyin ko bushin ya saki. Tsakiya ya ƙare gefuna na nan da sauransu, iska ta yi yawa. Gefe biyu sun ƙare tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne tudu da kwari, inda za ka bi da'irar tayar da hannu ka ji nan ya lotsa, nan ya taso, nan ya sake lotsawa. Shokazoba ce ta mutu, tayar tana tsalle tana dira maimakon ta manne da titi. Mai mota sai ya ji gurnani, ya ga zane ya lalace, ya sayo sababbi huɗu da tsabar kuɗi masu ciwo, ya ɗaura su a kan matacciyar shokazoba. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Kafin shekara ta zagayo, sababbin ma sun koma kamar tsofaffin.

Maganar iska kuwa, mu daina barin ta a hannun ƙiyasi. Mai faci zai ga babbar mota ya zuba mata 45 ko 50, ya buga tayar da ƙarfe ya ce, "Ta yi, Alhaji." Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Awon da ya dace da motarka yana manne a jikin dogaran ƙofar direba, kuma a yawancin waɗannan motoci, in babu kaya, bai yi nisa da 30 ba. Da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. In ka auna a Zariya da rana tsaka bayan ka taso daga Kano, dole ka ga ta hau, kuma kuskure ne a sace ta a lokacin.

Sai abin da ya keɓanta da mota mai jan ƙafa huɗu. Hilux tana da H2 da H4 da L4. In aka sa ogzilari, wato H4 ko L4, gaba da baya a ɗaure suke, gudu ɗaya za su yi dole. A kwana kuwa ƙafafun gaba sun fi na baya cin nisa. A yashi ko taɓo babu damuwa, taya za ta ɗan zame bambancin ya fita. A busasshiyar kwalta babu inda zai fita sai ta jikin roba da haƙoran giya. Sai ka ga an fito daga hanyar ƙauye da damina an hau babban titi an manta ba a mayar da ita H2 ba, sitiyari ya yi nauyi, mota tana turjewa a kwana, tayoyi suna ƙara. Prado da manyan Land Cruiser kullum da ƙafa huɗu suke ja, suna da na'urar da ke raba gudun a tsakiya, amma su ma in aka danna makullinta aka bar shi, matsalar ɗaya ce. Kuma irin waɗannan ba sa son gaurayen taya. Tsakanin 265/65R17 da 265/70R17 akwai bambancin tsayi na kusan milimita 26. A ido kamar ba komai, amma a kowane juyi sai ƙarfen ciki ya biya wannan bambancin.

Wani lokaci ma dalilin karkarwar bai kai haka ba. Laka ce ta bushe a cikin wili ta gefe ɗaya, ko 'yar dalmar balansin ta faɗi a rami. Shi ya sa nake son bakaniken da ke farawa da wanke wili da auna iska, ya ɗaga mota a jak ya juya taya yana kallon ko wilin ya lanƙwashe ko zanen yana tafiyar maciji, ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza don jin boris da boljoyin, ya kama ta hagu da dama don jin tayarod. In har yanzu da shakka, a mayar da tayoyin gaba baya. Karkarwa ta bar sitiyari ta koma kujera, an kama mai laifi. Alaimin shi ne na ƙarshe, bayan an canza duk abin da ya saki, domin saitin da aka yi a kan sakakken tayarod ba ya wuce ramin farko.

In zanen yana tafiyar maciji ko wani wuri ya kumbura, wayoyin cikin tayar ne suka fara rabuwa da roba, wannan ba ta da gyara. A duba shekarunta kuma. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. 'Yar gwanjo tana iya zuwa da zane mai zurfi alhali robarta ta bushe. Ba mu manta da 6 ga Maris, 2016 ba, ranar da ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar jif ɗinsu ta fashe. Mota mai tsayi da nauyi, in taya ta fashe mata a guje, saurin kifewa take yi fiye da ƙaramar mota.

Roƙona ga iyayen gida masu zama a kujerar baya: in direba ya ce, "Ranka ya daɗe, motar nan tana rawa a hannuna," kada a ɗauka hanyar neman kuɗin gyara ce. Hannunsa ne a kan sitiyari, shi yake fara ji tun kafin abin ya iso baya. A ba shi rabin yini ya kai ta a duba kafin tafiya mai nisa, a haɗa har da safaya, a kuma riƙa sauya wa tayoyin wuri duk bayan kilomita 10,000.