Akwatin da ke Mayar da Zarar Bunu

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wani tsohon magatakarda a Damagaram ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana gaskata wannan karin magana da yatsunsa. Gaban keken rubutu yake wuni, takarda uku a jere, da karbon a tsakaninsu. Harafi ɗaya in ya kuskure, kuskuren ya sauka a kan ukun baki ɗaya. Sai kankara, sai farin ruwan gyara, ko kuwa a yage a koma daga bisimilla. Don haka ya saba da gina jimla a zuci tun kafin ya taɓa ƙarfe. In takardar ta Hausa ce, da yake an ƙera keken ne domin Faransanci, sai ya gama bugu ya ɗauki alƙalami ya bi layi-layi yana ɗora wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasarsu.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 aka ajiye masa kwamfuta mai Windows 95. Wani saurayi abokin aiki ya nuna masa wani farin akwati a jikin allon, da ɗan siririn sanda yana ƙyaftawa a ciki.

"Baba, nan za ku rubuta. Duk inda sandan nan ya tsaya, nan harafi zai sauka."

"To, ɗana, in na yi kuskure fa?"

"Sai ku goge. Ba zai bar tabo ba."

Wannan sauƙi yana da asali. A shekarun 1970, a ɗakin binciken kamfanin Xerox da ke Kalifoniya, Larry Tesler da abokan aikinsa suka tsara dabarar yanke rubutu, a kwafe shi, a liƙa shi wani wuri. Kwamfutar Macintosh ta 1984 ta kai dabarar hannun jama'a, daga baya Windows ta watsa ta ofis-ofis har ta iso ƙasarmu.

Amma sauƙi ma yana da ramukansa, kuma tsohon ya faɗa su ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya ya cika akwatin da dogon jerin sunaye, hannu ya zame, rubutun duka ya rine, ya taɓa harafi guda, komai ya ɓace. Zufa ta karyo masa. Ashe ƙa'idar akwatin ke nan: abin da aka zaɓa, harafin da ya biyo baya shi ke maye gurbinsa. Saurayin ya danna Ctrl da Z, sunayen suka dawo cif. Wata rana kuma wuta ta ɗauke, a nan ba dabarar da ta yi aiki, domin abin da ba a adana ba yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ke mutuwa tare da lantarki. Tun daga ranar, Ctrl da S suka zame masa kamar numfashi.

Haruffan Hausa su ma sun sha wuya. Tsoffin manhajoji gurbi 256 kacal suke da shi na alamomi, kuma babu masu lanƙwasa a ciki. Wanda ya yi dabara ya rubuta ƙ a wannan na'ura, a waccan sai ta fito alamar tambaya ko wani baƙon harafi. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, kuma a 1999 hukumomin ilimi na Nijar suka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, har da ƴ. Yau wayar hannu ma tana rubuta su. Duk da haka mutane na zubar da lanƙwasa don gaggawa, alhali ɗan kasuwar da ya yi odar baƙin yadi ba bakin yadi ya nema ba.

Abin da ya fi tsaya wa tsohon a rai, shi ne rashin tabon nan da aka yi masa alfahari da shi. A zamanin keke, in an taɓa adadi, ɗaga takarda sama ga haske ya isa ya tona asiri, ga kuma kwafin karbon a matsayin shaida. A cikin akwati kuwa, sifiri ɗaya ya isa ya mai da jika 50 jika 500, kuma shafin ya fito fes kamar ba a taɓa shi ba. Kyawun takarda ya daina zama hujjar gaskiyarta. Ma'aikacin da ke sa hannu da ɗan kasuwar da ke karɓar rasit, dukkansu abin ya shafa.

Saboda haka ya kafa wa kansa doka, ya kuma koya wa na bayansa: a karanta adadi sau biyu, da lamba da kuma da kalmomi, a duba suna harafi-harafi, a buga kwafi, a sa hannu da hatimi, a ajiye. Ya yi ritaya yana yaba wa akwatin, don ya rage masa wahalar da ta ci ƙuruciyarsa. Sai dai ya gane iyakarsa. Muddin rubutu yana ciki, ana iya mayar da bunun inda aka zaro shi. Da zarar an danna maɓallin aikawa, karin maganar kakanni ta koma kan mulkinta.