Me ya sa ciyawar filin ƙwallo take narkewa a talabijin ɗinka?

A ƙasar Yauri, daga Yelwa zuwa Wara, daga Shanga zuwa ƙauyukan bakin Tafkin Kainji, abin da muke kira "kebul" ba shi da wata igiya da ta taso daga ofishin kamfani ta shigo ɗakin mutum. Sunan aro ne daga Amurka, inda aka fara jan waya gida-gida tun ƙarshen shekarun 1940. Namu faranti ne a kan rufin kwano ko a kan gungumen da aka kafa a tsakar gida, yana tarar saƙo daga tauraron ɗan'adam mai nisan kusan kilomita 36,000. Amsar tambayar da abokai suka daɗe suna yi mini tana cikin wannan tafiya mai nisa. Mutum ya sayi talabijin mai inci 55, yana biyan kuɗin wata na tashoshin da aka rubuta musu HD, amma idan ya buɗe YouTube a wayarsa don ya sake kallon ƙwallon da aka ci jiya, sai ya ga hoton wayar ya fi na bangon falonsa tsabta. Ni ma na sha wannan takaici a gidanmu na Yelwa. Duk lokacin da kyamara ta bi ɗan wasa da gudu, ciyawar filin sai ta koma kamar an shafa koren fenti da tsumma, fuskokin 'yan kallo su zama tabo-tabo, sai an tsaya bugun kusurwa sannan komai ya dawo hayyacinsa.

Kalmar HD alkawari ɗaya kawai take ɗauke da shi, wato yawan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto. Tsohon hoton da muka taso da shi ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, jimla 414,720. Cikakken HD kuwa 1920 ne sau 1080, wato ɗigo 2,073,600. Wannan girman mudu ne. Abin da aka auno a cikinsa zance ne daban, kuma a nan cinikin yake.

Hoton HD ɗanye, yadda yake yawo a cikin ɗakin watsa shirye-shirye, yana cin kusan megabit 1,500 a kowane sakan. Babu kamfanin da zai aiko da wannan kaya gida-gida, don haka sai an matse shi. Duk wanda ya san kasuwar kifi ta Yauri ya san dabarar: ɗanyen kifi ba ya jure doguwar hanya, sai an yi bandarsa, ruwan jikinsa ya fita, nauyi ya ragu. Na'urar matse hoto tana duba hotuna 25 da ke wucewa a sakan guda, ta aiko da ɗaya cikakke, sauran kuma ta aiko da abin da ya canza kawai. Abin da take ganin ido ba zai lura da shi ba ta zubar da shi. A ƙarshe tashar HD takan iso da ƙasa da megabit 10 a sakan, an rage ta fiye da sau ɗari. Kuma kamar kifin banda, komai jiƙa shi da dikoda za ta yi, ba zai koma ɗanye ba.

Shi ya sa mai karanta labarai yake fitowa tangaran. Yana zaune, bangon bayansa ba ya motsi, leɓɓansa kawai ake aikowa. Ƙwallo kuwa azaba ce ga wannan na'ura, domin kyamara tana juyawa, kowane tsinken ciyawa yana sauya wuri, dubban mutane suna tsalle a bayan raga. Abin da ya fi ƙwallo wuya shi ne ruwa. Wanda ya taɓa ɗaukar bikin Rigata da waya ya tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp ya ga yadda jiragen ruwa da matuƙansu suke fitowa, amma kogin da feshin filafilai suna farfashewa gida-gida kamar darar ƙasa. Ciwon ɗaya ne.

To me zai hana a ba kowace tasha isasshen wuri? Kuɗi. Tauraron ɗan'adam yana da wasu na'urori da ake kira tiransifonda, kamfanoni suna hayarsu da dala. Guda ɗaya mai faɗin megahaz 36 tana ɗaukar kimanin megabit 40 zuwa 60 a sakan, gwargwadon tsarin da aka yi amfani da shi. Lissafin ba wuya: idan 60 ce aka zuba tashoshi shida, kowace ta sami 10, idan aka cusa goma sha biyar, kowace ta tashi da 4. Tashoshin da ke ɗaki ɗaya kuma rabon kwano suke yi, wadda hotonta ya fi motsi a wannan sakan ta ja loma babba, sauran su yi haƙuri. Mu masu saye muna da hannu a ciki, domin idan aka zo talla yawan tashoshi muke tambaya. Ban taɓa ganin takardar tallar da ta faɗi megabit nawa tasha take samu ba, kuma a ganina wannan adadi ya fi kalmar HD amfani ga mai biya. Hukumar NBC da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC suna da hurumin neman a riƙa bayyana shi. Muna ta jayayya a kan farashi, alhali ba mu san awon abin da ake sayar mana ba.

Netflix da YouTube suna da gata biyu da mai tauraro ba shi da su. Na farko lokaci. Fim yana ajiye a rumbunsu, kwamfutoci suna iya bin sa a tsanake, su gano inda yake buƙatar wuri da inda ba ya buƙata. Tun Disamba 2015 Netflix ta bayyana cewa kowane fim da irin matsar da take yi masa. Wasan kai-tsaye kuwa dole a matse shi yana gudana. Na biyu sabon kayan aiki. Hanyoyin matse hoto suna ta gaba, daga MPEG-2 na tsakiyar shekarun 1990, zuwa H.264 a 2003, zuwa HEVC a 2013, zuwa AV1 a 2018, kowanne yana fitar da hoto mai kyau da wuri kaɗan fiye da na bayansa. Waya ana canza ta bayan 'yan shekaru, manhajarta tana sabunta kanta cikin dare. Kamfanin tauraro kuwa yana ɗaure da miliyoyin tsofaffin dikodoji da ke gidajen mutane, kuma ba ya iya sauya harshe sai ya tabbata za su ji.

Akwai kuma ruɗin ido. Allon waya bai wuce inci shida ko bakwai ba, aibi yana ɓuya a cikinsa. Talabijin ɗin 4K tana da ɗigo 8,294,400. Idan ka ba ta tsohon hoto mai 414,720, kowane ɗigo na gaskiya sai ya cike gurbin ashirin, sauran ƙirƙira ce. Tashoshi da yawa a cikin jerin da muke biya har yanzu a tsohon awo suke zuwa, kuma girman allo tona musu asiri yake yi.

Wani laifin kuma a bayan talabijin yake. Na shiga gidajen kallo da dama a Yelwa da Bin Yauri na tarar da dikoda mai HD an haɗa ta da wayar nan mai kawuna uku, ja da fari da ruwan ɗorawa. Wannan waya ba ta iya ɗaukar HD ko kaɗan; sai HDMI, sannan a shiga saitin dikodar a tabbatar tana fitar da 1080. Mai gidan kallo ya biya kuɗin wata mafi tsada, ya sayi man janareta a garin da bai yi nisa ba da madatsar da aka kammala a 1968 don ta ba ƙasa wutar lantarki, sannan wata 'yar waya ta zubar masa da rabin abin da ya saya. Matasa kuma ba sa yi masa uzuri, in hoton maƙwabcinsa ya fi, can za su kai kuɗinsu ranar Asabar.

Damina tana da nata hukuncin. Saƙon yana zuwa ne a zangon Ku, tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, wanda ɗigon ruwan sama yake shanyewa. Farantan DStv a Nijeriya suna kallon taurarin Eutelsat da ke kan digiri 36 gabas, hadarinmu kuma daga gabas yake tasowa, don haka yakan tare hanyar saƙo kafin ya iso kanmu, hoto ya daskare tun ƙasa tana bushe. Tsohuwar talabijin takan yi yayyafi amma ka ci gaba da gane 'yan wasa. Ta zamani ba ta san wannan sassauci ba, ko ta kawo duka ko ta ɗauke. Faranti mafi faɗi da aka saita daidai, aka ɗaure shi yadda iskar bakin tafki ba za ta karkata shi ba, yana rage wannan sosai, ko da yake ba ya ƙara wa hoton da aka riga aka matse komai.

Duk da haka ban sauke farantina ba. Netflix da kanta megabit 5 take ba da shawara don cikakken HD. Wasa ɗaya da hutunsa awa biyu ne, wato gigabait huɗu da rabi, bayan kuma hukumar NCC ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairu 2025. Wannan ma idan akwai sabis mai ƙarfi, abin da mazaunin gungu ko ƙauyen cikin Ngaski ba ya samu kullum. Tauraro saƙo ɗaya yake watsowa, ko mutum goma ne suke kallo ko miliyan goma ba ya raguwa, intanet kuwa kowa da nasa layin, ranar babban wasa sai cunkoso. Ga jinkiri: wasan kai-tsaye ta intanet yakan biyo bayan na tauraro da sakan ashirin, talatin, wani lokaci fiye. Kana riƙe da wayarka mai hoto tangaran, ɗan wasa bai ma karɓi ƙwallon ba, ihun gidan kallon bayan layi ya riga ya gaya maka an ci.