Ni Da Injin Markaɗen Baba

Ni dai da kuɗin markaɗe aka yi mini karatu. Mahaifina yana da injin markaɗe a Kasuwar Kure da ke Minna, inda mata kan kawo tumatir da tattasai da waken ƙosai tun da sassafe.

Bayan an cire tallafin man fetur a shekarar 2023, sai tsohon injinmu mai ƙarfin doki 5.5 ya zame mana alaƙaƙai. Ga shan mai, ga hayaƙi, da an zuba wake kuma sai ya shaƙe ya mutu. Masu ƙosai suka fara komawa wajen maƙwabcinmu. Da na zo hutu na yi ta matsa wa Baba, har ya sayar da tunkiyarsa muka sayo mai ƙarfin doki 6.5.

Ni na ɗaura shi da hannuna, wai ni ɗan jami'a. Ranar farko bel biyu suka tsinke, ƙullun kuwa ya fito da zafi kamar an dafa. Baba bai ce uffan ba. Wallahi da ma zagina ya yi.

Washegari wani tsohon bakanike ya duba, ya ce, “Yaro, fulin da ka sa ya yi girma, shi ya sa gudun ya yi yawa, kuma bai yi saiti da ɗan'uwansa ba.” Ya sa ƙarami, ya ja zare ya daidaita su, ya sa aka wasa haƙoran injin. Nan take wake ya yi laushi.

Yanzu masu ƙosai sun dawo. Tunkiyar ce har yau ban mayar wa Baba ba, amma na yi alkawari, in Allah ya yarda, da albashina na farko.