Daga Ƙoshiya Zuwa Kwarashi

Duk wanda ya ji an ambaci ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan a yau, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne rake da mazarƙwaila. Amma kafin rake ya mamaye fadamu, ƙasar auduga ce. Mata su yi gurza da shiɓa da kaɗi, maza su yi wadari su zauna a masaƙa, a fitar da fari da saƙi da gwado. A cikin kayan masaƙa kuwa, wato allera da matsefi da kunkuru da sauransu, babu wanda masaƙi ke tsantseni wajen zaɓensa kamar ƙoshiya, domin ita ce ke wuni a hannunsa.

Akwai wani dattijo a wani ƙauye na ƙasar Kudan wanda ya gāji saƙa kaka da kakanni. Idan zai sayi ƙoshiya ba ya duban adonta. Sai ya ɗora ta a tafin hannu ya ji nauyinta, domin mai nauyi tana gajiyar da wuyan hannu, maras nauyi kuma ba ta ratsa zare da ƙarfinta. Sa'an nan ya bi bakinta biyu da babban yatsa, kada a sami ƙaiƙayin da zai tsinka zaren tsaye. Daga nan ya sanya kwarkwaro a cikinta, ya ja abawa ta 'yar kafar da ke gefe, ya saurari yadda yake juyawa. Ya kan ce ido yana ruɗin mai shi, amma yatsa ba ya ƙarya.

Abin mamaki shi ne, wata ƙoshiyar ce ta ci kasuwar tasa. A shekarar 1733 wani Bature a Ingila mai suna John Kay ya ƙago ƙoshiyar da ake harbawa da igiya maimakon jifa da hannu, aka kuma riƙa ɗaure bakinta da ƙarfe. Wannan na cikin abubuwan da suka share fagen manyan masaƙun Manchesta. Da jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai auduga ta riƙa fita, yadi yana shigowa. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani a Kaduna, akoko da atamfa suka ƙara araha. Ita ma wannan masaƙa ba ta tsira ba, ta rufe a 2002. Sawayen dattijon masu faɗin tafin hannu ba su iya wannan tsere ba. 'Ya'yansa maza suka kama noman rake, babu wanda ya yarda ya zauna a masaƙa, har ya naɗe allerarsa ya rataye ƙoshiya a ƙaho a cikin zaure.

Yana da 'yar fari, wadda ko sunanta ba ya kamawa saboda alkunya. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ta dawo gida. A wurin wata maƙwabciya ta koyi saƙar kwarashi, wato saƙar da ake yi da siririn ƙarfe mai ƙugiya a baki. Sunan ma baƙo ne, asalinsa daga Faransanci, ma'anarsa 'yar ƙugiya. Tana da 'yar'uwa a ƙasashen Turawa, inda mata ke ƙulla leshi da wata 'yar ƙoshiya ta ƙarfe ko ta ƙashi mai siffar kifi, wadda wani lokaci akan yi wa ƙugiya a baki. Da kwarashi 'yar dattijon ke saƙa hular jarirai da safa da marufin kwano da bakin mayafi, 'yan talla su kai gidajen suna da na biki. Uban dai yana kallon abin a matsayin wasan yara. A ganinsa, saƙar da babu wadari a cikinta ba saƙa ba ce.

Ana nan sai aka ba ta aikin kayan ɗakin wata amarya, aka kuma biya rabin kuɗi. Ta sayo sabon kwarashi mai ƙyalli, amma duk inda ta ja zare sai ya yi gashi ya rabe biyu. Kwana uku tana saƙawa tana warwarewa, ga biki ya matso, ga kuɗin mutane sun shiga cefane. Da dattijon ya ga ta yi tagumi sai ya ce, "Ke, miƙo abin nan." Ta durƙusa ta ce, "Ga shi, Baba." Bai dube shi ba. Ya bi ƙugiyar da yatsa, nan take ya ji wani ɗan tsini da ido ba ya gani. Ya goga shi a kan dutsen wasa wuƙa a hankali, ya shafe da ɗan man gyaɗa, ya miƙa mata. Zare ya bi sumul, aka kai kayan amarya a kan lokaci.

Tun daga ranar, dokokin zaɓen ƙoshiya suka koma na zaɓen kwarashi. Na farko, kaurin ƙarfe ya dace da kaurin zare: siririn zaren auduga na bakin mayafi sai siririn baƙin ƙarfe, domin na roba lanƙwashewa yake yi, zaren ulu mai kauri kuwa na alminiyam ya fi masa, saboda rashin nauyi. Na biyu, a shafa ƙugiya kafin a biya, a kuma ja zare a kai a gani. Na uku, wurin riƙo ya zauna daidai tsakanin yatsu, domin wadda za ta wuni tana saƙa, ɗan abu kaɗan ya isa ya kumbura mata hannu. Na huɗu, baƙin ƙarfe abokin gabarsa damina, sai a naɗe shi a tsumma mai ɗan maiƙo, a goge kafin a taɓa farin zare.

Hausawa na cewa zamani riga ne. Ƙoshiyar dattijon ba ta sauko daga ƙaho ba har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma babu alamar jikokinsa za su san allera ko kwarkwaro in ba a rubuta musu ba. Wannan asara ce ga harshe, kuma aiki ne da ke jiran masu nazarinsa tun sauran masaƙan na da rai. Amma ilmin da ke cikin yatsan nan bai bi shi kabari ba. Gādon da ya tanadar wa maza suka ƙi, mace ta ɗauka ta shiga da shi cikin gida, da shi kuma ta ciyar da marayunta. Allah Ya jiƙan mazan jiya.