Kitsen layya, soda da kofin da na aje a ƙasa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da shimi a lise a nan Damagaram, kuma kowace shekara sai na zo kan darasin yadda ake samun sabuni. In rubuta a allo cewa idan aka haɗa mai ko kitse da soda, ana samun sabuni da gilisarin. In gaya wa ɗalibai wani Bafaranshe mai suna Chevreul ne ya fayyace wannan al'amari a littafin da ya fitar a 1823. Su kwafa, su hardace, wasu su samu maki da shi a jarrabawar bak. Amma ni da nake koyarwar, sai bara na taɓa yin sabuni da hannuna, kuma saura ƙiris abin ya zame mini nadama har ƙarshen rayuwa.

Babbar ƴata ce mafarin zancen. Wata rana da dare ta miƙo mini waya tana dariya, wai in ga abin da wata Ba'amurkiya ke yi. Matar tana tara man da ya rage a kasko bayan ta soya naman alade, sai ya cika kwalba, ta tace shi ta yi sabuni. Na yi tsaki na mayar mata da wayarta. Amma da na kwanta sai abin ya riƙa dawo mini. Aladen nasu ne, ba ruwanmu da shi. Tattalin fa? Su can sun daɗe da shi. A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, hukumar Amurka roƙon matan gida ta yi su riƙa tara man da ya rage a madafa suna kai wa mahauta, don a ciro gilisarin a yi nakiya. Mu kuwa duk shekara bayan layya, in an gama tarenin rago an soye nama, akwai man da ke saura a ƙasan tukunya, ya yi baƙi, ya ƙone, ba mai son sa a miya. A gidana bayan katanga ake zubar da shi, ƙudaje su yi biki.

Kuma ba wai ban san ana yin sabuni da irin wannan ba. Da shi aka yi mini wanka ina yaro a ƙauyenmu, kusa da Mirya. Inna takan ƙone karan gero ta tara tokar, ta zuba a tsohuwar tukunya mai huji a gindi, ta riƙa ɗura ruwa yana ɗiga a hankali cikin wani kwano. Wannan ruwan toka shi take dafawa har ya yi ƙarfi, sannan ta sa kitse ta yi ta tuƙi da muciya, wuni guda tana bakin wuta. Abin da ke fitowa baƙi ne, mai laushi, sai a dunƙule shi da hannu. Yanzu na san dalilin laushin: sinadarin da ke cikin tokar itace da kara ɗan'uwan soda ne, amma shi sabuni mai taushi yake bayarwa, soda kuwa mai tauri.

Akwai doka ɗaya da Inna ba ta sassautawa. Ranar sabuni, tun da safe sai ta kora mu gidan kawu, ba mu dawowa sai magariba. In ka tambaya ta ce idon yaro yana ɓata sabuni, in yaro ya leƙa tukunya ba zai kama ba. Allah ya yafe mini, na sha kawo wannan magana a aji a matsayin misalin camfi, ɗalibai su yi ta dariya.

To, bara bayan salla na hana a zubar da man. Na haɗa shi da guntayen kitsen da aka ware, na yayyanka ƙanana, na narkar a wuta kaɗan-kaɗan, na tace da tsohon kallabi. Sannan na wanke shi, wato na tafasa shi da ruwa da ɗan gishiri, na bari ya huce ya daskare a sama, na ɗebe shi na zubar da dattin ruwan da ke ƙasa. Sau uku na yi haka kafin ƙaurin suya ya ragu. Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma duk wanda ya tsallake shi zai yi wanka ya fito yana ƙamshin tukubar mai tsire. Da zafin garinmu kitsen bai son daskarewa, sai da na jingina robar da gindin randa ta kwana.

Na samu kilo ɗaya daidai. Lissafin ba wuya: kilo ɗaya na kitsen rago ko na sa yana cinye soda wajen giram 138 zuwa 140, amma ana ragewa kaɗan don kada sabunin ya ci fata, sai na auna giram 130 da ruwa kamar sulusin lita. Sikeli na aro, domin soda ba a auna ta da ido ko da cokali. Na sa safar hannu da tabarau. Na guji tukwanenmu na alminiyam, irin waɗanda maƙera ke zubawa, saboda soda tana cin su. Na zuba sodar cikin ruwa, ban zuba ruwa kan soda ba, kamar yadda nake jaddada wa ɗalibai. Nan take ruwan ya ɗau zafi har yana hayaƙi ba tare da wuta ba. Duk abin da littafi ya ce na kiyaye shi, har ina jin kaina.

Abin da littafi bai ce ba shi ne inda za ka aje ruwan sodar kafin ya huce. A dakin gwaji akwai tebur mai tsawo, kuma ba ɗan shekara uku da ke yawo a ciki. Ni kuwa a babban kofin roba na haɗa, irin wanda muke shan ruwa da shi, na aje a inuwar zaure a ƙasa, na koma duba kitse a murhu. In ruwan soda ya kwanta, garau yake, ba launi ba wari. Ba mai bambanta shi da ruwan randa.

Inna tana wurinmu a lokacin, ta zo salla ba ta koma ba. Tana zaune kan tabarma tana jan carbi, tun safe ba ta ce mini uffan ba game da aikina. Ni dai ihunta na ji, irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba, na waiwaya na ga autarmu ta durƙusa ta kama kofin da hannu biyu. Tsohuwar da ke tashi da ƙyar saboda gwiwa, ban san yadda ta kai wurin ba. Ta buge kofin ya kife a ƙasa. Kaɗan ya fantsama a ƙafar yarinyar, muka yi ta kwara mata ruwa, buta bayan buta, fiye da minti ashirin, sannan muka kai ta likita. Wurin ya yi ja ya sale, ya warke cikin kwanaki. Bakinta bai taɓa ba.

Da muka dawo gida, Inna ta dube ni. Ba ta kiran sunana tun da ni ne ɗan fari, Mushe take ce mini tun ranar da na fara aiki. Ta ce: "Mushe, da can da nake kora ku gidan kawunku, kana tsammani don sabunin nake yi?"

Ban amsa ba. Ba ni da abin cewa.

Ina rubuta wannan ne domin na san yanzu mata da yawa a unguwanninmu suna koyon haɗa sabuni a ƙungiyoyi don samun na cefane, abu ne mai kyau ƙwarai, kuma soda tana shiga gidaje a ƙulle cikin farar leda ba rubutu, kamanninta kamar sukari ko gishiri. Yaron da ya kurɓi ruwanta, maƙogwaronsa da hanyar abinci ne ke ƙonewa. Ko ya tsira da rai, bayan makonni wurin yakan warke da tabo ya tsuke, har ya kasa haɗiye tuwo, wani lokaci ko koko, a yi ta jigila zuwa asibiti wata da watanni. In ƙaddara ta faɗa, kada a sa wa yaron yatsa a baki don ya yi amai, domin sodar za ta sake ƙona hanyar da ta bi. Kada a ɗura masa manja ko ruwan tsami ko lemun tsami da sunan karya dafin. A wanke masa baki da fata da ruwa mai yawa, a ruga likita, a tafi da ledar don su ga abin da ya sha. Kuma don Allah kada a taɓa zuba ruwan soda a kofi, ko buta, ko robar ruwan sha, ko da na minti ɗaya ne.

Sati biyu ban ko kalli kitsen ba. Inna ce ta ce in ƙarasa abin da na fara, kada ya lalace a banza. Ranar da na sake, matata ta kwashi yara suka wuni gidan yayarta, na haɗa sodar a tsohon bokitin da na shafa wa jan fenti, na ɗora kan katanga. Da ta huce na zuba a kitsen mai ɗumi, na yi ta tuƙi da muciya kusan awa guda, Inna tana gyara mini riƙo, har ya yi kaurin kunu, in ka ɗiga a sama sai ya bar sawu. Na juye a kwalin da na shimfiɗa wa leda. Bayan kwana biyu na yanka, na jera a saman kabad inda hannun yaro bai kai, ya sha iska sati shida kafin a taɓa shi.

Ya fito fari-fari, da tauri kamar dutse, bai saurin ƙarewa. Kumfarsa kaɗan ce, haka sabunin kitse zalla yake. Masu sana'a alayyadi suke ƙarawa don kumfa, amma shi da nasa awon soda daban. Mun yi wanki da shi wata uku. Guda huɗu na kai lakkol na aje kusa da butar wanke hannu ranar 15 ga Oktoba, ranar wanke hannu ta duniya, inda galibi jawabi muke yi wa yara ba sabunin a wurin. Da darasin ya zagayo a bana, na rubuta lissafin a allo kamar kullum, sannan na aje alli na ba su labarin kofin. Wata ɗaliba a bayan aji ta ɗaga hannu ta ce mahaifiyarta a ƙarƙashin gado take aje tata sodar, cikin gwangwanin madara. Na ce in an tashi ta jira ni, mu tafi gidan tare.

Inna kuwa da na kai mata nata, ta jujjuya shi, ta shinshina, ta ce ba laifi, amma bai kai nata gyaran fata ba. Ta ce in layya ta zo in aje mata kitsen, kuma in nemo karan gero.