Shekarar da Ba a Tsallakewa

Yaran Abakpa da ke zuwa gaishe ni bayan sun ci JAMB, tambayarsu ɗaya ce: "Baba, shekara nawa kafin in buɗe kemis?"

Nakan lissafa musu. Shekara biyar a jami'a don digirin harhaɗa magunguna, shida in Pharm.D ne, ga ABU Zariya, ga Jami'ar Jihar Kaduna nan kusa da gida. Sai shekara guda ta horo a hannun wanda ya riga ka, sannan bautar ƙasa, wadda aka soma a 1973. Hukumar PCN ke ba da lasisi, kuma duk shekara sai an sabunta. Wanda ransa ya kwanta da binciken yadda magani ke aiki a jiki, tasa hanyar ta fi nisa: digiri na biyu, na uku, da shekaru a ɗakin gwaji yana kiwon ɓeraye. Irin wannan jimiri ne ya fitar da Niprisan, maganin sikila da cibiyar NIPRD ta Abuja ta haɗa daga tsirranmu na gida.

Amma a duk matakan nan, shekarar horon ce nake ja musu kunne a kanta, don ita suka fi rainawa. A aji ka haddace yadda hanta ke sarrafa ƙwaya, ƙoda ta fitar da saura. A tagar ba da magani ta asibiti irin Barau Dikko kuwa, tsohuwa ce a gabanka, ba ta karatu, tana shan maganin hawan jini, ga kuma jiƙon da maƙwabciya ta ba ta wanda ba za ta ambata ba sai ka iya tambaya. Nan za ka koyi cewa "sau uku a rana" bai isa bayani ba; sai ka ce asuba, azahar, bayan isha'i. Nan kuma za ka koyi ɗaukar takarda ka koma wurin likitan da ya haife ka a aiki, cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, a sake duba adadin nan, yaron kilo goma ne."

Muƙamai, daga ƙaramin jami'i har darakta, suna zuwa da lokacinsu, ban cika damuwa da su ba. Abin da ke damuna shi ne masu ba ɗan kasuwa hayar lasisinsu, a rataye takardar a bango, su kuwa suna wani gari, yaron shago na sayar da Tramadol da sunansu.