Motar da ta fito daga kwali ba ta san hanyar Sheme ba

A Turai da Amurka akwai magidanta, wasunsu har da furfura, da ke tara ƙananan motocin ƙarfe kamar yadda malami ke tara littattafai. Motocin zubi ne: narkakken ƙarfe ake ɗurawa cikin mazubi, kusan yadda masu tukwanen alminiyom ke yi a kasuwannin Arewa, sai dai a can inji ne ke tura shi da ƙarfi, kuma mafi yawan ƙarfen zinki ne. Dinky ta soma a Ingila a 1934, Matchbox ta biyo baya a 1953, Hot Wheels kuma ta fito a Amurka a 1968. Kowace mota da ma'auninta. Idan aka rubuta 1:43, ana nufin an rage ainihin motar sau arba'in da uku, don haka Fijo 504, mai tsawon kusan mita huɗu da rabi, takan koma kimanin santimita goma, ta zauna daram a tafin hannu.

Masu tarawa suna da doka guda da ba a rubuta ba: kada a taɓa. Motar da ke cikin kwalinta, fentinta bai ƙwarzane ba, ita ce mai daraja a kasuwa. Amma a cikinsu akwai waɗanda suka bijire. Sukan wargaza motar, su kankare fentinta, su sake ta yadda suke so, suna sane da cewa kuɗinta ya faɗi tun daga ranar da suka huda kusar farko. Wannan bijirewa tana da ma'ana ta musamman ga mutumin da ya tashi a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa.

A ɗauki ɗan wani tsohon direba daga Faskari, wanda karatu da aiki suka kai shi Abuja. Ya yi odar ƙaramar 504 daga waje, irin waɗanda kamfanonin Faransa kamar Norev da Solido suka ƙera, don ta tuna masa da motar mahaifinsa. Ta iso tana ƙyalli, ba kariya, ba lotsawa, ba ƙura. Ita ce motar da aka ƙaddamar a Faris a 1968, wadda ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969. Ba ita ce wadda ya sani ba. Wadda ya sani ta fito ne daga kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, inda aka soma harhaɗa Fijo a 1975 aka ci gaba da yin 504 har 2006. Bayan ta bar kamfani kuma, sai hanya ta sake ƙera ta: bakanike ya ƙara mata ƙarfin baya don ta ɗauki kaya, mai walda ya kafa mata kariya, mai fenti ya rubuta mata karin magana a gilashin baya, buhunan masara suka sa ta sunkuya.

Mayar da ƙaramar motar zuwa wannan kama aiki ne na haƙuri. A ƙarƙashinta akwai kusoshi da suka riƙe bodi da gindi, su ake hudawa a hankali har motar ta rabu huɗu: bodi, gilashi, kujeru da gindi mai tayu. Sai a cire tsohon fenti, a goge da takardar yashi mai laushi, a fesa fentin shimfiɗa, sannan a bi da launi a hankali, shafa bayan shafa, domin fenti mai kauri yakan cike layukan ƙofa ya mayar da motar kamar sabulu. Kariya da siririyar waya ake lanƙwasa ta. Buhuna kuwa ƙyalle ne ake ɗinkewa a cusa yashi. A ƙarshe sai ƙura, kuma babu fentin kanti da ya kai jar ƙasar hanya ta ainihi idan aka tankaɗe ta aka shafa a gefen tayu.

Hannu kaɗai ba ya isa, sai da sani. Wace lamba za a rubuta? Kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, wannan yanki yana cikin Jihar Kaduna, saboda haka motar farkon shekarun 1980 da KD za ta fara, ba KT ba. A wane gefe sitiyari yake? Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a Afrilun 1972, don haka wanda ke son tsohuwar Bedford ta zamanin kakansa mai bodin katako, sai ya nemo mai sitiyari a dama. Mutum nawa ake zubawa a gaba, ina yaron mota ke zama, yaya ake ɗaure akuya a saman a-kori-kura ranar kasuwa? Babu littafin kamfani da ya rubuta waɗannan. Suna kan harshen tsofaffin direbobi da 'yan kamasho a tasha, kuma duk wanda ya rasu a cikinsu da nasa kason yake tafiya.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Da kaka, bayan an yanke dawa, yara kan fere kara, su yi amfani da totuwa da ɓawonsa su haɗa mota. Waɗanda suka ƙware sukan koma langa-langa da gwangwanin madara, su yanko tayu daga tsohon silifa, su kafa dogon sitiyari na waya da za su riƙa tuƙawa a tsaye. Abin lura shi ne, yaron ba ya ƙera mota tsirara. Yakan ɗora mata kaya, ya ba ta suna, ya kwaikwayi kukan injinta a kan hawa. Abin da attajirin mai tarawa ke ɗauka lalatawa, shi ne yaron Sabuwa ya ɗauka cikar aiki.

Yaro kuwa abin da ya gani a titi yake ƙerawa, kuma titin ya sauya. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta umarce su da zagayawa ta Funtuwa, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan uku. A watan da ya biyo baya aka katse layukan waya a yankin. Yaron da ya yi wayo a waɗannan shekaru ya fi sanin ƙarar babura da motocin jami'an tsaro fiye da jerin motocin kasuwa da ke tafiya da daddare ba fargaba. Idan aka gaya masa cewa an taɓa yin haka, labari ne kawai yake ji, sai in an miƙa masa wani abu da zai riƙe a hannu.

A nan ne lissafin masu kwali ya gaza. Motar da ba a taɓa ba akwai dubbanta a duniya, kuma duk labari ɗaya suke bayarwa, na kamfanin da ya zana ta. Wadda aka ɗora wa kariya, aka rubuta mata lambar KD, aka shafa mata ƙasar Faskari, guda ɗaya ce tak, kuma shaida ce cewa hanyar ta taɓa zama lafiya. Gidajen tarihi sun adana takubba da alkyabbar sarakuna, amma da wuya a sami wanda ya adana motar da ta kai auduga Funtuwa ko ta kai mai naƙuda asibiti. Tsofaffin 504 da 404 na ainihi suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, ana auna su a kan sikeli ana sayarwa da kilo. Wanda yake da tsohon direba a gida, ya kamata ya zauna da shi tun yana raye, ya tambaye shi launi da lamba da rubutun da ke bayan motarsa, sannan ya ɗauki abin huda kusa.